Shekarar da Na Kasa Ƙetare Kanal

A rani na biyu da aka fara sako ruwan madatsar Bakolori cikin gonakinmu, aka ba ni fili a hayin babban kanal, wato magudanar simintin da ke kawo ruwan, wajen Bakura. Ban daɗe da yin aure ba, duk burina yana kan alkamar da na shuka. Tsakanin ƙauyenmu da filin akwai 'yar gadar siminti, faɗinta bai wuce taku biyu ba, kuma babu abin dafawa. Kullum nakan bi ta kanta da fartanya a kafaɗa, ko kallon ƙasa ba na yi.

Wata rana da hantsi na gangara gefen kanal ɗin in wanke ƙafa. Gansakuka ta lulluɓe simintin, ban lura ba. Sai kawai na ji ni cikin ruwa. Na iya iyo tun ina ƙarami, amma kanal ba gulbi ba ne: ba saiwa, ba ciyawar kamawa, sai santsi. Ina kai hannu, farcena na karce siminti, ruwan na ja na zuwa kwalbatin da yake shigewa ƙarƙashin hanya. Rurin kwalbatin nan shi ne abin da ya cika mini kunne. Wasu mata biyu masu dashen albasa suka hango ni. Ɗaya ta kwance majanyinta ta jefo mini, suka haɗu suka janyo ni, ina aman ruwa.

Bayan kwana uku na ɗauki fartanya na nufi gona. Ina jin ƙarar ruwa daga nesa, ƙirjina ya fara dukan uku-uku. Na juya. Ina juyawa na ji sanyi ya sauko mini har cikin rai. Washegari ma haka, sai dai tun daga nesa fiye da jiya na juya. Kafin mako biyu, ko ƙaramar magudanar da yara ke tsallakewa ba na iya tunkara. In matata na zuba ruwa a randa, sai in tashi in bar gidan.

Ban gaya mata ba. Nakan fita da safe in zauna gindin wata tsamiya, ina hango alkamata a hayi tana yin rawaya don rashin ban ruwa. Da asirina ya tonu, aka ce mutanen ruwa ne suka taɓa ni. Na sha rubutu, an yi mini hayaƙi. Na ji daɗin addu'a, amma ƙafata ba ta ƙara ko taku ɗaya ba.

Sai kawuna ya zo daga Damaga. Ƙanen mahaifiyata ne, makiyayi, mutum mai ƙarancin magana. Bayan mun gama gaisawa, ya tambayi gida da gajiya da iyali, ya ce in ba shi labari tun daga farko. Na ba shi.

"In ka juya baya, mi kaka ji?" in ji shi.

"Sauƙi, Kawu."

"To sauƙin nan shi ka kiwon abin. Karsana in ta taɓa zamewa a mashigi, ba ta sake yarda da ruwa. In ka ƙyale ta, gobe ko tabki ba ta kusanta. In ka ja ta da ƙarhi, ka lalata ta. Kusa akan kai ta, a tsaya har ta hwara tuƙa, sannan a ƙara taku."

Washegari muka fita. Inda na fara jin ƙarar ruwa ya tsayar da ni. Zufa ta jiƙa mini riga.

"Kawu, mu koma. Zuciyata za ta fashe."

"Ba ta hwashewa, ɗana. Zauna. Ja numfashi a hankali."

Ya zauna yana feƙe sanda, yana ba ni labarin wani bijiminsa mai taurin kai. Ban san lokacin da rawar jikina ta lafa ba. Sai da ya ga na yi hamma, ya ce mu tafi gida. Doka ɗaya ya kafa mini: ba a barin wuri sai tsoro ya sauka.

Haka muka yi ta matsawa. Ranar da na hango ruwan da idona. Ranar da na tsoma hannu a ƙaramar magudana. Ranar da na zauna a bakin babban kanal, ƙafafuna a miƙe. A rana ta tara muna zaune aka ƙara buɗe ruwa daga sama, kwalbatin ya yi ruri irin na rannan. Ban san na tashi ba, sai ganin kaina na yi cikin gonar wani, ina haki. Kawu ya biyo ni, muka koma gida. Da la'asar ya sake mayar da ni daidai inda na gudu, muka zauna ina kuka kamar yaro, har kukan ya ƙare, ruwan bai fasa rurinsa ba.

Ranar ƙetarewa shi ya shiga gaba, ya miƙo mini bakin sandarsa ta baya. A tsakiyar gadar ya tsaya cak.

"Dubi ruwan," ya ce.

Na duba. Kaina ya juya, na ƙanƙame sandar har yatsuna suka yi ciwo. Muka tsaya a nan ban san iya tsawon lokacin ba. Daga baya ya zare sandar a hankali, ya wuce. Sauran takun ni kaɗai na yi su. Ranar sai da ya sa na je na dawo sau bakwai.

Fiye da rabin alkamar ta riga ta ƙone, buhu kaɗan na samu. Shekaru bayan haka, da na shiga kwalejin horon malamai, na tarar da bayanin nan a darasin halayyar ɗan Adam: tsoro koyonsa ake yi, gudu ke raya shi, tunkara sannu a hankali ke kwance shi.

A wancan rani kuwa, da na raka Kawu tashar Talata Mafara zai koma gida, na tambaye shi abin da zai yi da a ce na faɗa ruwa ranar ƙetarewa.

Ya gyara malafarsa. "Kururuwa zan yi, ɗana. Ni ban iya iyo ba."