Akwatunan Mutumin Gugaram

Ko ƙwaƙwalwata za ta tsiyaye kamar fasasshen tulu, ranar da bakina ya kori abokina daga aiki ba za ta fita ba.

Lokacin farashin uraniyom ya faɗi, ruwa ya ƙi sauka, 'yan tawaye sun tare hanyar Agadas. A Arlit kowa na jiran takardar sallama. Mu biyu ne a biron zane, wato ofishin zane, na kamfanin haƙa: ni da wani mutumin Gugaram, wanda fari ya cinye raƙuman mahaifinsa, dangi duka suka dawo wuyansa. Aikinmu fitar da hoton ramin haƙa a ordinatar, wato kwamfuta. Na'urar takan harba layin haske ta kowane ɗigon allo, ta bi duwatsun da muka zana ɗaya bayan ɗaya tana duba wanda layin ya taɓa. Hoto guda, kwana uku! Nakan ce mace za ta haihu ta yaye kafin ya fito.

Wata safiya ya ce, "Aboki, mu in raƙumi ya ɓace, ba ma leƙa bayan kowane icce. Bakin kwari muke dubawa. In babu sawu, mu bar kwarin gaba ɗaya."

Sai ya zauna gaban na'urar ya kewaye duwatsun da akwatuna, ƙanana cikin manya. Layin da bai taɓa akwati ba, ba ruwansa da abin da ke ciki. Ranar gwaji, hoto ya fito kafin shayinmu ya huce.

Abokina ya fita alwala ke nan, shef, shugaban bironmu, ya shigo, ya tsaya yana kallon allo. Bakin nan nawa da bai san hutu ba ya ce, "Shef, ai yanzu ni kaɗai zan riƙe biron nan, da ƙafar hagu, ina gyangyaɗi!" Ban ce ni na yi ba. Ban kuma ce shi ya yi ba. Shef bai yi dariya ba, rubutu ya yi.

Ƙarshen mako takarda ta fito da suna ɗaya. Ba nawa ba.

Na je wa shef da gaskiya, ya ce an riga an sa hannu. A tashar motar ma'aikata na iske abokina da jakarsa. Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu.

"Bari, aboki. Ni ma akwati suka sa ni. Daga waje suka duba, ba su buɗe ba."

Har yau ina ba'a, hali ne. Amma tun ranar na gane, in ana rabon wuƙa ba a wasa gaban mai riƙe da ita, kuma sunan mai aiki ake fara faɗa kafin a nemi dariya.