Gadon Baba Ɗan'inna

Daga Takur zuwa ƙauyenmu kilomita goma sha huɗu ne, sau uku ina aunawa da babur. Gidaje tamanin da bakwai, bishiyar dabino ɗari biyu da sha tara, tafki ɗaya da ba ya ƙafewa sai zafi ya yi zafi, sai dutsen da baƙi ke zuwa dominsa: Dutsen Gado. Taki ɗari da arba'in da shida ne zuwa samansa, inda wani falalen dutse ya miƙe, mutum tara za su kwanta a kai ba matsi. Iskar wurin ce ke jawo mutanen Dutse da Jahun duk Lahadi da bayan Sallah, da kulolinsu da tabarminsu.

Duk mai hawa sai ya bi ta gaban Baba Ɗan'inna. Mai hawan dabino ne a da. Shekara talatin da ɗaya ke nan da ya faɗo ya goce ƙugu, ya shimfiɗa buzu a gindin tsamiya, ya koma ba da tarihin gari. Baƙi su zauna, su buɗe kula, a ci da shi. Ba shi da wata fada sai wannan.

Sai dai tarihin nasa biyu ne. In ango da amarya ne, sai ya gajarta bakinsa: gado na kwanciya, wai wani maharbi ya kwana a falalen, daɗin barci ya hana shi komawa gida. In dattawa ne, sai ya ja "gaa" ɗin: gado na magada, wai 'yan'uwa uku suka raba gonaki, auta ya tashi da dutse. Lahadi goma sha biyu ina zaune kusa da shi: maharbi sau ashirin da uku, auta sau goma sha tara. Mu 'yan gari ba mu da hujja, Gindin Dutse kawai muke cewa.

Ni ne magatakardan ƙungiyar ci-gaban gari, kuma mun yanke a kafa allo, suna ɗaya, tarihi ɗaya. Na je na durƙusa.

"Baba, wanne ne na gaskiya?"

"Abdulrauf, kai da ka san yawan kashin awakin garin nan, wannan ne ya gagare ka?"

"Allo za mu yi, Baba. Baƙo ya karanta ya wuce, ba ɓata lokaci."

"Ya wuce," in ji shi. "Ni kuma in zauna gadin tsamiya."

Washegari shi ya aiko a kira ni, fuskarsa a sake.

"Ka fara rubuta sunan, tarihin sai na tuno da kyau. Amma da boko kaɗai. Ba a barin ajami a fili, awaki su zo suna soshe-soshe a jikinsa."

Na ga ladabi ne, na amince. Fenti gwangwani biyu, na rangaɗa DUTSEN GADO, na bar fili a ƙasa.

Ranar yawon Sallah mota ta farko daga Haɗeja ta zo. Wata Hajiya Mashkura ta karanta da ƙarfi, na kwanciya. Maigidanta ya gyara mata, na magada.

"Alhaji, ga shi a rubuce!"

"Ai shi nake karantawa, Hajiya!"

Suka juyo kaina. Na dubi allona: ga, do. Harafi huɗu, ba wanda ya ja, ba wanda ya gajarta. Nan na tuna: da da ajami na rubuta, da alifi ɗaya ya raba gardamar. Baba kuwa shekara sittin yana rubutu da tawada.

Ba yadda na iya, na nuna musu gindin tsamiya. Kafin azahar mutum arba'in da ɗaya na tura, har da masu rantsuwa karatunsu ne daidai.

Baba ya gyara zama, ya dubi Alhaji, ya dubi Hajiya, ya dubi kular da ke tsakaninsu.

"Wa ya dafa wannan?"

"Ni ce, Baba."

"To Alhaji, ka yi haƙuri," ya ce, yana naɗe hannun riga. "Wani maharbi ne."