Ranar da Aka Wanke Mai Baƙin Rawani

Yayana fenti yake yi wa manyan motoci a tashar Birnin Konni. Shi ke zana zaki da dabino a jikin katakon kamyo, ya rubuta addu'a a goshinta. Wannan kowa ya sani. Abin da ni kaɗai na sani a gidanmu shi ne kaye guda uku, wato littafin rubutu, da yake ɓoyewa a ƙarƙashin tabarmarsa, irin wanda muke zuwa lakwal, makarantar boko, da shi. Shekarata goma sha uku lokacin, kuma ba ni da sana'a sai shiga abin da ba a sa ni ba.

Labari ya zana a ciki. Kowane shafi ya raba shi gida shida, ga mutane, ga maganarsu a rubuce cikin ɗan da'ira a saman kai. A hannun wani direba ya ga irinsa, ya ce shi ma zai iya. Garin labarin Konni ne, amma Konnin da za ta zo bayan jikokinmu sun mutu. Sama ta daina ruwa. Kasuwa ta zama kango, motoci sun ruɓe a tasha, akuyoyi na kwana a ciki. Rijiyoyi duk an rufe su da ƙarfe an sa kwaɗo, makullan kuma suna wuyan mutum ɗaya, Sarkin Makulli. Wanda ya durƙusa masa ya sha, wanda ya ɗaga kai a bar shi da rana. Ba mu daɗe da fita shekarun fari ba, don haka ban buƙaci a yi mini bayanin ƙishirwa ba.

Mutum ɗaya ne bai durƙusa ba, Mai Baƙin Rawani. Ba a ganin komai nasa sai ido. A kan shato yake zaune, wato babban tankin ruwan gari, wanda a labarin ya daɗe da bushewa. Ba ya wa'azi, ba ya jin magiya. Igiyar guga ce makaminsa. In ya kama azzalumi sai ya ɗaure shi, ya zura shi cikin busasshiyar rijiya, ya yi tafiyarsa ko waiwaye babu. Ina tsoronsa, kuma wallahi ina sonsa fiye da mutanen unguwarmu da yawa.

Yayana yana da hali biyu. Na farko, ba ya zane da bik, wato biro, ya ce baƙinsa bai kai ba. Tawadar allo yake haɗawa da kansa, ya feƙe alƙalamin kara. Na biyu, bai iya ƙago fuska ba, sai ya aro ta wani. Mai shayi yana cikin kayen, mai faci yana ciki. Sarkin Makulli kuwa fuskar alhajin da ke da rabin motocin tasha ya ba shi, da wushiryar da kunnen nan ɗaya mai lanƙwasa. Na tambaye shi ko alhajin ya yi masa wani abu. Ya ce, "Bai yi man komi ba. Huskatai ce ka da daɗin zane." Gaskiya ya faɗa, don alhajin ne ma ke ba shi yawancin aikinsa.

Ni na jawo abin, ba wani ba. Wata ranar da ba lakwal na saci kaye na uku na tafi da shi gidan kitso, don kawai a san yayana ba ƙaramin mutum ba ne. Mata suka yi ta karɓa suna dariya, wannan ta gane mai shayi, waccan ta gane mai faci. Kaina ya kumbura. Sai kayen ya faɗa hannun wata dattijuwa da ke yi wa gidan alhajin girki. Ta buɗe daidai shafin da aka ɗaure Sarkin Makulli ana zura shi rijiya. Dariyar ta tsaya.

"Ke ɗiyag ga, wanga ba Alhaji ne ba? Mi shikai cikin rijiya?"

A wajenmu, in ana so a lalata mutum, akan ce an rubuta sunansa an jefa tsohuwar rijiya. To ga shi nan ba suna ba, mutum ne sukutum da kunnensa. Kuma sati biyu ke nan alhajin yana kwance da kumburin ƙafa, abin da ni ban ma sani ba. Babu wadda ta iya karatun boko a cikinsu. Na ce bari in karanta musu su ji labari ne. Dattijuwar ta soke kayen a zaninta ta fita. Na bi ta har bakin titi da rabin kitso a kaina ina roƙo, ko kallona ba ta yi ba.

Washegari bayan la'asar aka kira babanmu zauren alhajin, aka ce ya zo da ɗansa da sauran takardun. Na bi su daga nesa na raɓe jikin bango, inda nake hango ciki ta gefen ƙofa. Alhajin na zaune ƙafa a miƙe kan matashi, ga malaminsa, ga dattawan tasha. Babanmu, wanda ko a gida ba ya ɗaga murya, ya tsuguna yana ta ba da haƙuri kan abin da bai gane ba.

Yayana ya ce, "Alhaji, labari ne. Na shekarun da ba su zo ba ne."

Wani dattijo ya ce, "To wa yag gwada maka abin da bai zo ba?"

Nan maganar ta ƙara lalacewa. Ni ina waje, na haddace kowane layi na kayen nan, da an kira ni da na karanta musu tun daga farko. Amma wa zai kira yarinya cikin zauren maza?

Malamin ba mugu ba ne, mafita yake nema. Ya lashi yatsa ya goga a shafi, ya ga baƙi ya biyo yatsan. Ya ce ai tawada ce, abin ya zo da sauƙi. A wanke kamar yadda ake wanke allo, mai rubutun ya sha. In da sharri ya koma inda ya fito, in babu shi ke nan, kowa ya huta. Alhajin ya yarda. Babanmu har godiya ya yi, kuma na ga da gaske yake.

Aka kawo ƙwarya da ruwa. Yayana da hannunsa ya riƙa yage shafi yana tsomawa yana murzawa. Aikin shekara biyu ne. Kasuwar ta narke, rijiyoyin suka narke, rawanin ya bazu cikin ruwa. Daga inda nake tsaye ana hango shaton gari na gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba, na ɗaga kai na dube shi kamar wata sakara. Ungulu biyu ne a kai. Da ya gama ya ɗaga ƙwaryar ya sha, baƙin ruwa na bin haɓarsa. Malam ya ce ya isa.

Bayan kwana takwas ƙafar alhajin ta sace. Allurar da ake yi masa a asibiti ba wanda ya tuna da ita. Gari ya ce ka gani ko. Daga nan ba direban da ya sake yarda yayana ya taɓa masa mota, har wanda ya nuna masa littafin farko. Da kaka ta wuce ya tattara ya koma Badaguishiri wajen kawunmu, noman albasa. Bai taɓa zagina ba, bai ma taɓa ta da maganar ba. Da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Sai da na yi aure na haihu na iya tambayarsa. Na same shi a garka, lambun albasarsa, yana jan ruwa, hannun nan duk ya faffashe. Na ce, "Yaya, a ƙarshe an buɗe rijiyoyin?"

Ya tsaya da igiya a hannu.

"Ni ma ban sani ba," ya ce. "Sai ina zanawa nika ganin abin da ka zuwa. Ban kai nan ba anka wanke."

Ya juye gugan a kwamin albasa, ya sake zura shi.