Ƙarar da Na Ɗora wa Maƙogwaron 'Yata

Lokacin da nake goyon fari, a ƙauyenmu kusa da Sandamu, ni mace ce mai tsoron komai. Karatuna bai wuce firamare ba, amma kunnena ba ya barin abu ya wuce shi. Maigidana yana harkar kaya a Kongolam, sai ƙarshen mako yake dawowa. Shi ya sayo mini 'yar sifika mai memori cike da karatun Alƙur'ani, nake ajiye ta dab da kan yarinyar in za ta yi barcin hantsi.

A nan na fara jin wani ƙas, ƙarami, kamar an karya tsinken ashana. Na lura ba ya zuwa sai sura ta ƙare, ɗaki ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka shirun ne ke ba ni damar jin abin da ke wuyanta. Sai in kara kunne a ƙirjinta, in ji ƙas. Na gaya wa wata gwaggo maƙwabciyarmu, ta ce ai beli ne, dama ta faɗa tun ranar suna da maigidan ya hana wanzami cire shi, wai 'yan asibiti sun hure masa kunne. Ta ce in ya girma zai toshe mata numfashi, kuma uwa ba ta jiran miji a kan irin wannan.

Ban kira shi ba, don na san zai hana. Na goya yarinyar muka je wurin wanzami, kuma ni da hannuna na riƙe mata kai. Jini ya ƙi tsayawa da wuri, ta ƙi kama nono, kashegari jikinta ya ɗau zafi rau, sai asibiti a Daura. Da maigidan ya iso bai yi mini faɗa ba. Tambayata kawai ya yi ko kati ne babu a wayata. Wallahi da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

Ana cikin jinyar na bar ta da surukata, na koma gida ɗauko mana kayan sawa. Ɗakin ya yi mini faɗi, sai na kunna sifikar. Sura ta ƙare. Ƙas. Ga katifa babu kowa a kai, yarinya tana can Daura. Zama na yi a ƙasa, na kasa ko kuka.

Daga baya maigidan ya tambayi mai gyaran waya. Ya ce masa irin waɗannan na'urori in sauti ya ɗauke sukan rufe kansu da kansu, rufewar ce ke yin ƙarar, kuma ba lalacewa ba ce.

Allah Ya raya mini ita, yanzu har tana gudu a tsakar gida. Sifikar ma tana nan, ban jefar ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na lura da lokacin ƙarar daidai, amma ban taɓa kashe sifikar na saurara ba. 'Yan'uwana mata, in kun ji abin da ya tsorata ku a jikin yaro, ku kashe duk abin da ke kunne, ku sake saurara, ku kai shi asibiti kafin ƙarfe ya taɓa shi. Ni har yau in ta buɗe baki tana dariya, maƙogwaronta nake fara kallo.