Baba Nehemiya Ya Fita Rabon Gafara

A Bangi aka haifi Nehemiya, cikin ƙasar Madawa, amma tun yana saurayi ya bi kawunsa zuwa garin da asibitin mishan yake. Can ya samu aikin gardi, wato gadin ƙofa, can aka yi masa baftisma, can kuma ya auri Lidiya. Shekara talatin da ɗaya ya yi a bakin ƙofar asibiti, kuma duk tsawon lokacin ba a taɓa jin ya mance fuskar mutum ba. Wanda ya zo cirar haƙori shekara goma da suka wuce, in ya dawo, Nehemiya zai faɗa masa irin hular da ya sa a ranar. Likitoci sun ji daɗin wannan baiwa ƙwarai. Da ya aje aiki ya koma noman albasa, baiwar ta bi shi gida, ta rasa abin yi.

A ikkilisiya dattijo ne. Bencin gaba nasa ne, kuma shi ke fara cewa amin kafin mai addu'a ya kai ƙarshe.

Bara, bayan an gama girbi, Fasto Yunusa ya sanar cewa za a yi taron farkawa na kwana uku, wani mai bishara zai zo daga Maraɗi. Ya ce kada a tsaya ga ɗinkin anko da hayar lasifika kawai.

"Farkawa daga zuciyar mutum ɗaya take farawa," in ji shi. "Saura mako huɗu. Kowa ya binciki kansa. In akwai wani abu tsakaninka da ɗan'uwanka, ka je ku shirya tun baƙo bai iso ba."

Nehemiya ya ce amin da ƙarfi. Ya koma gida, ya zauna ƙarƙashin bedi, ya binciki kansa tun daga la'asar har kaji suka shiga akurki, bai samu komai ba. Ba ya sha, ba ya caca, bai taɓa fashin sujada ba sai ranar da kunama ta harbe shi. Ya yi ta mamakin yadda zai shirya wa farkawa alhali ba shi da abin tuba. Can sai ya gane cewa sulhu gefe biyu gare shi, akwai mai roƙo, akwai mai yafewa. Masu laifi a kansa kuwa suna da yawa, kuma ya san kowa da ranarsa.

Washegari da safe ya sa rigar Lahadi ya fita.

Ya fara da Jaratu, shugabar zumuntar mata. Ya same ta tana tankaɗe.

"Na zo in sauke miki kaya," in ji shi. "Na yafe miki."

"Mi na yi, Baba?"

"Kirsimetin shekarar da anka yi ambaliya. Ke ka rabon nama. Kin ba ni wuya da ƙashi, kin ba Tasi'u cinya."

Jaratu ta aje rariya. Ta ce ita ba ta tuna ba, kuma in ma an yi haka, ai matar Tasi'u ce ta riƙe kwanon.

"To, ita ma zan je in yafe mata," in ji Nehemiya, ya sa mata albarka ya wuce.

Ya je ya yafe wa matar Tasi'u, ya kuma gaya mata wadda ta ambaci sunanta. Ya yafe wa Tasi'u kansa, mai buga ganga a majami'a, saboda dariyar da ya yi ranar da Nehemiya ya ɗauko waƙa da murya sama da ƙarfinsa. Ya yafe wa mushen lakwal, malamin makarantar boko da ya kira jikarsa mai taurin kai. Ya yafe wa wani mamaci ta hannun ɗansa. Kowane gida ya fito, sai ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi, ya tabbata yana girma cikin Ruhu da saurin da shi kansa bai zata ba.

Kafin mako biyu su cika, zumuntar mata ta rabu gida biyu a kan cinyar da aka cinye shekaru da dama da suka wuce. Tasi'u ya ce ba zai ƙara taɓa ganga ba. Mutane suka fara rufe ƙofa in sun hango farar riga ta kunno kai cikin lungu. Fasto Yunusa ya zo har gida, ya zauna a kan tabarma, ya yi ta kewaye-kewaye saboda girman furfura.

"Baba, gafara tana yiwuwa a zuci, ba sai an kai wa mutum har gida ba."

"In ban faɗa masa ba, ina zai san an yafe shi?" in ji Nehemiya. "Kai ma, Fasto, akwai wata 'yar magana, ta ranar da ka mance sunana cikin addu'ar marasa lafiya. Ta wuce."

Fasto ya yi godiya ya tashi.

Da 'yan ikkilisiya suka ƙare, Nehemiya ya ga bai kamata alheri ya tsaya cikin majami'a ba. Ya tuna da Halidu, wani makiyayi mai noma a gefen Allakaye, wanda shekara goma sha biyu da suka wuce saniyarsa ta shiga fadamar Nehemiya ta tattake irin albasa. Ya hau kabu-kabu, ya sha tsakuwar hanya, ya iso da hantsi. Halidu ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka damo fura da nono. Sai da Nehemiya ya sha ya goge baki sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, da watan, da yawan fangalin da aka ɓata.

Halidu ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

"Gardi, don wannan ka taso? To madalla. Ni ma na yahe maka tun tuni."

"Ni? Mi na yi maka?"

"Ba ka jefe ta da dutse ba? Ciki gare ta. Kwana biyu ta zubar da ɗan maraƙi, ba ta ƙara ɗaukar wani ba har anka yanka ta. Ina bayan magarya lokacin da ka yi jifar."

Dutsen kam Nehemiya ya tuna da shi sarai, har nauyinsa a tafin hannu. Kawai dai bai taɓa sa shi cikin labarin ba.

"Don mi ba ka faɗa mani ba?"

"In faɗa maka ta haihu? Ƙara furar, akwai saura."

Hanyar komawa ta yi masa tsawo. Ya iske Lidiya tana daka a tsakar gida. Ya tsaya a kanta, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Uwar Alheri, shekara arba'in muna tare. Na taɓa yi miki wani laifi?"

Lidiya ta jingine taɓarya a bango. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta tura masa da ƙafa.

"Zauna, Malam."

Ranar ba a ci tuwo da wuri ba. Ta fara daga ranar da ya hana ta zuwa jana'izar innarta a Tamaske saboda ana dashe, ta bi ta kan miyar da yake kushewa gaban baƙi, ta zo kan Alheri, 'yarsu, wadda ta daina kiran waya don duk kira sai an karanta mata laifin mijinta. Sau uku ya yunƙura zai yi bayani, sau uku ta ce ba ta gama ba. Bai ce amin ko sau ɗaya ba.

Makon da ya rage ya sake zagaya gidajen yana roƙon a yafe masa, wannan karon da tsohuwar riga. Wasu sun ƙi buɗe ƙofa har sai da ya yi magana daga waje. Kalmar tana yi masa nauyi a baki, tana fitowa ƙasa-ƙasa, har Jaratu ta sa shi ya maimaita wai kunnenta ba ya ji sosai. Tasi'u ya yarda ya koma kan ganga bisa sharaɗin Baba ba zai ƙara ɗauko waƙa ba.

Mai bishara ya zo, ya yi wa'azi kwana uku har muryarsa ta dushe. Mutane sun cika rumfa, wasu sun yi kuka, mata kuma sun yi waƙa tare duk da rabinsu na kallon gabas rabi na kallon yamma. A rana ta ƙarshe baƙon ya ce duk mai shaida ya tashi. Jama'a suka waiwaya wajen Nehemiya da fargaba, shi ma ya ɗan motsa, Lidiya ta dafa masa gwiwa, ya koma ya zauna.

Halinsa bai sauya duka ba. Har yanzu in hira ta yi daɗi yakan ce, "Shekarar da wane ya yi mani kaza," sai ya tsaya a tsakiya ya haɗiye sauran da ƙyar. Ya sayi 'yar karsana a kasuwar Bangi ya aika wa Halidu, Halidu ya karɓa ya aiko a gaya masa ramammiya ce. Alheri takan kira ranar Asabar, kuma yawanci shi ke fara ɗauka.