Inna Mai Guga da Yagaggun Kwaloli

Kafin ƙarfe bakwai ta jona dutsen guga a ɗakin wankin asibiti. Shekara ashirin da shida Inna Mai Guga tana karɓar fararen rigunan ma'aikatan jinya, kuma ita kaɗai ta damu ta tambayi abin da ya sa suke zuwa da kwala a yage.

Rigar yayata, wadda ma'aikaciyar jinya ce a asibitin, ita ta tona asirin. Ɗan'uwan wani majinyaci ya ci kwalarta a gaban jama'a don likita ya yi jinkiri. Da ta kai ƙara ofis, aka ce, "Yi haƙuri, aikin ya gaji haka." Su da ke bayan tebur, wa ya taɓa shaƙe su?

Inna, wadda ta yi wasan judo, kokawar Japan, da ƙuruciyarta, ta shimfiɗa tsofaffin barguna a ƙasa lokacin hutun rana, ta kira Yaya da abokan aikinta.

"Kama wuyan rigata, 'yar nan. Da ƙarfi mana, ba gaisuwar surukai muke ba."

Yaya ta kama. Sai ga ta kwance tana kallon silin.

"Kuskurenku ja da baya, wai kada riga ta yage. Wanda ya riƙe rigarki ya ɗaure hannunsa da kansa. Danne hannun, matso ciki, juya ƙugu, sunkuya. Riga kuwa ki bar min, ina da allura."

Bayan wata uku, wani ƙato ya cafki Yaya a ƙofar ɗakin magani. Mai gadi ya ce, "Wallahi kafin in miƙe, mutumin yana ƙasa yana neman takalminsa." Ko targaɗe bai yi ba, domin Inna ta koya musu kada a saki hannu sai mutum ya sauka.

Ladan Inna? Takardar gargaɗi, wai ta mai da ɗakin wanki filin kokawa. Makon jiya ta yi ritaya, ko sannu ba a ce mata ba, bargunan ma aka kulle su.

Na sha kuka kan jaruman littattafai, ashe tawa jarumar tana nan tana ƙamshin sabulu. Inna, ke ce kika duba riga kika ga mutum a ciki. Mun gode, Allah ya saka miki. Duk wanda ya iya abin da zai tsare wani, ya shimfiɗa bargo ya koyar.

Yaya ta shimfiɗa nata a tsakar gidanmu. Ranar Asabar mata tara suka zo, Inna na gefe da allurarta.