Rediyon Malam yana gidan Lantana

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Lantana ta rasu.

Da safen nan ina ɗaura zani 'yarta ta bugo min waya. Wai ta idar da sallar asuba, ta ce kanta na sarawa, ta ɗan kishingiɗa. Shi ke nan.

Ban yi kuka ba, ni ba gwanar kuka ba ce. Amma akwai maganar da zan faɗa, kuma sai na faɗe ta.

Wanda bai san ta ba, Lantana ƙawata ce tun muna amare a Gyadi-Gyadi, kafin mijinta ya yi gini a Daurawa su tashi. Daddawa da kuka take sayarwa. Ba ta taɓa zuwa gidana hannu rabbana ba, kuma ba ta taɓa tafiya ba ta zage ni ba.

Shekarar da maigidana Malam ya rasu na yi takaba, wata huɗu da kwana goma ina zaune a kan tabarma. Ranar da na fita, ƙafafuna suka ce ba su san ni ba. Banɗaki ma sai na dafa bango. Likita ya ce suga ya hau, in ban motsa jiki ba keken guragu ne ke jirana.

'Yata ta Abuja ta ce ita ta san magani. Ta ɗauko min wata mai koyar da motsa jiki, ana biyanta wata-wata, tana zuwa har gida. Ta zo da tabarmar roba da wata igiya mai talewa. "Hajiya ɗaya, Hajiya biyu, ɗaga ƙafa!"

Matar nan ba ta da laifi, tana da ladabi, ta san aikinta. Ni ce ba na so. In ta zo in ce azumi nake. Washegari in ce baya. Wata rana na dama mana kunu muka sha, muka yi hirar tsadar gas har lokacinta ya cika. Kuɗi na fita, ƙafa tana nan yadda take.

Sai Lantana ta zo ta tarar da ni kwance, rediyon Malam a gefen kunnena. Tsohuwar rediyo ce, an ɗaure bayanta da ƙyauro. Ita yake kunnawa kullum da safe, ita kaɗai ta rage min mai magana a ɗakin.

Ta kalle ni ta ce, "Kande, ke aka binne ko Malam?"

Na ce ta fitar min daga gida.

Ta fita kuwa. Da rediyon a cikin hijabinta.

Daga bakin ƙofa ta ce, "Tana Daurawa. In kina so ki zo ki karɓa da ƙafarki. In kika hau adaidaita zan sani, masu adaidaitan layinmu duk 'ya'yana ne."

Wallahi na tsine mata a raina. Na buga mata waya na ce ɓarauniya. Ta ce, "Na'am, ɓarauniya ce, ga labarai ma ina ji."

Haushi ne ya tashe ni, ba likita ba. Ranar farko bakin layi na kai, na zauna a kan bencin mai shayi ina haki kamar akuya. Bayan kwanaki na kai bakin titi. Ranar da na ga kasuwar Tarauni da ƙafata sai da na riƙe turken wuta. Ranar da na isa gidanta kuwa, ko sannu ba ta ce min ba. Ta miƙo min ruwa da rediyo ta ce, "Batirinki ya mutu."

Bayan kwana biyu ta dawo da ƙafarta ta sake ɗauke ta. Ashe ita ma gwiwa na damunta, ba ta faɗa wa kowa ba.

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Ta zo ta ɗauka, in je in karɓo. Mutanen hanya har sun saba, in sun gan ni sai su ce, "Inna, yau rediyo tana ina?"

Shekaranjiya ta zo ɗauka. Ta daɗe a zaune, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Kande, in wata rana ban zo na ɗauka ba fa?"

Na ce sai in huta.

Ta ce, "Ƙarya kike. Ni rediyo kawai na ɗauka. Ƙafar ke kika ɗaga abarki."

Ƙarshen maganarmu ke nan.

Yau ko awa ba a yi da rasuwar ba 'yata ta Abuja ta bugo. "Inna kar ki taka, na turo miki adaidaita. Kuma tunda yanzu babu mai fitar da ke, zan sake biyan mai motsa jiki ta dinga zuwa gida."

Na san tsoro take ji kar in koma tabarma. Ni ma na ji tsoron, ba zan ɓoye ba. Amma na ce ta riƙe kuɗinta. Mai son ajin motsa jiki ya shiga, ban hana kowa ba. Ni dai an gwada an gani, ba a iya saya min tashi.

Mai adaidaita na ce ya je ya nemi fasinja. Da ƙafata na je, na samu an gama yi mata wanka, na yi mata addu'a kafin maza su ɗauke ta.

'Yarta ta miƙo min rediyon tana kuka. Na ce mayar da ita inda uwarki take ajiyewa. A nan za ta zauna. Kullum da safe zan zo in ji labarai in koma.

Allah Ya jiƙan Lantana, Ya yafe mata, har da satar rediyo, ni na yafe tuntuni. Allah Ya yalwata kabarinta, Ya haɗa ta da Annabin rahama, Ya bai wa 'ya'yanta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan ya yi mata Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce.

In kuma kun ga wata tsohuwa gobe da safe a hanyar Daurawa tana tafiya a hankali, kar wanda ya tsaya ya ce zai rage min hanya. Ku ce Allah Ya jiƙan Lantana, ku wuce.